Abin da Ya Faɗo a Gonar Nababa

A shekara ta biyu ta farin nan, zamanin da ake bin layi kafin a sayi sabulu da madara, ƙauyenmu Rijiyar Gawo da ke arewa da Minjibir bai rasa abin kallo ba, abinci ya rasa. Kaji suna yawo baki buɗe. Gugan rijiya sai an ƙara masa igiya, washegari a sake ƙarawa. Shamuwa ta zo kamar yadda ta saba, ta sauka a kan tsamiyar masallaci, ta dubi garin na ɗan lokaci, ta tashi ba ta yi sheƙa ba. Tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin haka ba.

A gabashin gari akwai wani manomi, Nababa. Mutum ne mai shiru, mai yawan ɗaga kai sama ko babu abin gani. Abin da ya rage a rumbunsa dami ɗaya ne tak na gero, mai dogon kai, irin da ya gada a wajen mahaifinsa. Shi ne irinsa na bana, ba shi da wani. Bara ya yi binne, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, don ya kwanta yana jira. Aka yi ɗan yayyafi, iri ya tsiro, rana ta bi shi ta ƙone. Ya sake shukawa, aka sake haka. Abin da ya tsira daga shuka ta ƙarshe sun ci har ya ƙare, sai wannan damin.

Gidan akwai matarsa Hure, da yaransu biyu ƙanana, da mahaifiyarsa Inna Barira. Garin rogo suke jiƙawa, wani lokaci dusa da busasshen ganye. Yara suna ci suna kuka, amma suna ci. Inna Barira ce cikinta ya ƙi. Duk abin da ta haɗiya sai ya dawo, har ta zama in ta kwanta a tabarma sai an duba sosai a gane akwai mutum a cikin zanen.

Wata safiya Hure ta same shi a gindin rumbu yana gyara ƙotar sungumi.

"Malam, Inna ba ta riƙe rogon nan. Na jiya ma ya dawo."

"Na gani."

"Ba gani nake so ka yi ba. 'Yan zangarniyu kaɗan za ka zaro mini, in dama mata kunu. Kunun gero kaɗai take ambato."

Nababa bai ɗago ba. Ya ce, "In na kwance damin nan yau, jibi babu shi. Ke ma kin sani. Yaran nan za su ji ƙamshi."

"To, a zuba shi a ƙasa ya ƙone kamar na bara, shi ne daidai?"

Nababa ya ci gaba da gyaran ƙotar. In aka ci, babu shuka, kuma baɗi sai a bar garin. In aka binne aka yi yayyafin ƙarya, an rasa iri, an rasa kunun. Abin da yake son sani ɗaya ne: ruwan bana na gaskiya ne ko kuwa. Babu kuma wanda zai tambaya.

Ana cikin haka abin ya faɗo. Da hantsi wata mata mai tsintar kara ta shigo gari da salati, ta ce ga wani farin abu a kan gawon gonar Nababa yana motsi. Kafin a jima rabin gari yana gindin bishiyar. Abin ya maƙale a ƙaya, fari fat, yana kaɗawa kamar riga a kan igiya. Da aka sa gora aka sauko da shi sai aka ga roba ce mai laushi, ta yage, ta fi tabarmar sallar idi faɗi in an shimfiɗa. A jikinta akwai doguwar igiya, a ƙarshen igiyar wani ɗan farin akwati mara nauyi, da 'yar waya tana leƙowa kamar gashin bakin gyare. Aka kara shi a kunne, shiru. Aka sansana, babu wari.

Mati, taubashin Nababa, wanda bai taɓa barin magana ta wuce shi ba, ya ce, "Taubashi, ka gode Allah. Ga likkafani an aiko maka daga sama, ko tela ba ka nema ba."

Nababa ya ce, "Kai aka auna. Da aka zo kan bakinka yadin ya gaza, shi ne aka jefar."

Aka yi 'yar dariya, irin ta mutanen da ba su karya ba.

Wanda ya gane abin shi ne Baba Ɗan'auta, tsoho mai jaki, wanda sana'arsa kai itace birni ya dawo da taki a mangala. Hanyarsa ta gefen filin jirgin sama take bi. Ya juya akwatin ya ce, "Na filin jirgi ne. Na sha ganin irinsa yana tashi daga bayan waya, a cike, kamar ƙaton ƙwai. Sakinsa suke yi ya hau sama har ya ɓace."

Mati ya tafa hannu. "To ga ta nan! Ni dama na faɗa. Da wannan suke korar hadari don jiragensu su sauka lafiya. Su sauka a bushe, mu mu mutu a bushe. A ƙone shi!"

Wasu suka ce haka ne. Limaminmu, Malam Abdussalam, ya ɗaga hannu. "Ka ji tsoron Allah, Mati. Ruwa ba a hannun ɗan Adam yake ba. Wannan kuwa tsintuwa ce, kuma tunda an san mai ita babu sauran cigiya, mayarwa za a yi. A gonar wa ta faɗi?"

Kowa ya dubi Nababa. Shi kuwa hankalinsa ya riga ya tafi wani waje. Yana tunanin mutanen da kullum suke aika abu sama. Wanda yake aike kullum, ai ba zai rasa samun amsa ba. Ko korar hadarin suke yi, ko jiransa suke, sun san inda yake.

Ya naɗe robar, ya sa ta a buhu tare da akwatin. Da ya shiga gida ya ce wa Hure, "Zan bi Baba Ɗan'auta in mayar musu da kayansu, in tambaye su ruwa. Kada a ci damin nan sai na dawo."

Ta dube shi ta daɗe. "Ba za a ci ba. Amma in ka dawo ba ka zo da magana ba, ni ina da tawa."

Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna Barira ya yi mata sallama. Ta ce, "Filin jirgi? Makka za ka ba ka gaya mini ba?" Ya ce a'a, a bakin waya zai tsaya. Ta ce, "To ka gaishe su."

Bayan sallar asuba suka kama hanya, jaki a gaba da itace, su a baya. Ƙasarmu babu daji, gona ce manne da gona tun daga ƙofar gida har birni. Ko'ina an yi sharar gona an tara taki tuli-tuli, an shirya tsaf kamar gidan da ake jiran baƙo, baƙon bai zo ba. Sun wuce ƙauyukan da aka toshe ƙofofin wasu gidaje da ƙaya, masu su sun tafi kudu.

Baba Ɗan'auta ba ya iya tafiya shiru. Tun kafin su hango komai ya fara ba da labarin filin.

"Ina ƙarami aka ce wani abu ya sauka a filin sukuwa da mutane a cikinsa. Babana yana wajen. Ya ce wasu sun gudu sun bar takalmansu, wasu sun tsaya suna kabbara, wata tsohuwa kuma ta ce a ba shi dawa ya ci. Ina saurayi aka fara share wannan na yanzu. Da hannuna na cire kututture a wajen. Gonar kawuna tana ƙarƙashin kwaltar nan, gona ce mai ba da gyaɗa, har ya mutu in jirgi ya sauka sai ya ce ga shi can a kan kunyata."

"Suna da yawa a lokacin?"

"Da fari jefi-jefi. Amma lokacin yaƙin Bama, babban yaƙin duniya, sai ka ce fara. Su sauka, su sha mai, su tashi gabas. Kai ba ka san abin da wajen nan yake ba, Nababa. Zango ne. Jirgi ya taso daga ƙasar Turawa za shi can ƙarshen duniya ta kudu, ya ƙetare sahara, ƙishi ya kama shi, ina zai sauka in ba nan ba? Yadda raƙuman Azbin suke sauke kaya a Fagge, haka. Na ga mutane iri-iri ta bayan waya. Na ga mace da wando da kare a hannu kamar jariri."

Ya tsaya ya gyara wa jakin kaya, sannan ya ci gaba.

"Abin da yaran yanzu ba sa yarda shi ne mai kakaki. Akwai mutum a kan raƙumi, da rawaninsa, aikinsa ke nan. In jirgi ya kusa sai ya busa kakaki, masu jakuna da masu awaki da mata masu tallan fura kowa ya kauce daga kan titin. Jirgi ya sauka, a koma a ci gaba da wucewa. Wallahi da idona. Raƙumin ma ya saba, ko kunne ba ya kaɗawa."

Nababa ya yi ta juya wannan a ransa: raƙumi a tsaye yana yi wa jirgi iso.

"Sai kuma alhazai," in ji tsohon. "Kakan Malam Abdussalam a ƙasa ya tafi, ya bar matarsa da ciki, ya dawo ya tarar yaron yana kiwo. Yanzu a karya kumallo a nan, a yi la'asar a Jidda. In lokacin ya zo duk gindin bishiyar da ka gani 'yan rakiya ne, da tukwanensu." Muryarsa ta sauka. "Shekarar da jirgin alhazai ya faɗi ina kan hanyar nan. Na ga hayaƙin. Masu tarya suna tsaye da sababbin kaya. Allah ya jiƙansu."

"Amin."

Daga nan suka ci gaba da tafiya har suka isa Fanisau, inda suka kwana a wajen wani mai sayen itace.

Da hantsi Baba Ɗan'auta ya raka shi har inda shingen waya ya fara, ya nuna masa ƙofa, ya wuce birni. Nababa ya tsaya. Bai taɓa ganin fili mai faɗin wannan ba wanda babu kunya ko ɗaya a cikinsa. Can nesa wani jirgi yana tsaye, rana tana walƙiya a jikinsa, mutane suna saukowa ta tsani ƙanana kamar tururuwa. Zafi yana rawa a kan kwalta har sai ya ga kamar ruwa ne kwance. Ya san ba ruwa ba ne, amma ya daɗe yana kallo.

Maigadin ƙofar tsohon soja ne mai furfura a gashin baki. Ya dubi buhun ya ce, "Malam, ina zuwa? Landan ko Jidda? In kaza ce a buhun nan ba ta da fasfo."

"Ranka ya daɗe, kayanku na kawo. A gonata ya faɗi."

Maigadi ya leƙa buhun, ya tuntsire da dariya, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Sannan ya lura da ƙafafun Nababa da ƙurar da ke kansu. Dariyar ta tsaya. "Daga ina?"

"Bayan Minjibir."

"A ƙasa?"

"A ƙasa."

Maigadi ya ɗebo masa ruwa a moɗa, ya jira ya shanye, sannan ya ce, "Na masu duba yanayi ne. Biyo ni."

Ofishin wani ɗan gini ne a gefe, nesa da inda fasinjoji suke. A gabansa akwai fili da aka kewaye, a ciki da wasu fararen akwatuna a kan dogayen ƙafafu kamar akurkin tattabaru, da wani ƙarfe mai ludaya uku a kan sanda yana juyawa a hankali. Wani saurayi siriri ya fito, hannun rigarsa a naɗe. Maigadi ya ce, "Malam Khalilu, ga baƙonka. Tsintuwa ya kawo." Ya juya ya koma bakin aikinsa.

Khalilu ya rusuna ya gaishe shi, ya jawo masa benci a inuwa. Ya buɗe buhun ya ga abin da ke ciki. Ya shafa robar, ya ce, "Baba, balan-balan ɗinmu ne. Amma in mun sake shi ba ma sa ran ya dawo. Yana hawa har ya fashe, ya faɗi inda Allah ya so. Tunda na fara aiki a nan babu wanda ya taɓa dawo mana da shi."

"Limaminmu ya ce a mayar."

"Allah ya saka da alheri. Ka sha hanya."

Nababa ya gyara zama. Ya shirya maganar tun daga gida amma yanzu ta yi masa nauyi. Ya ce, "Ɗana, kada ka ji haushi. A garinmu ana cewa da wannan kuke korar hadari."

Khalilu bai yi dariya ba. Ya tashi ya shiga ɗan filin, ya zaro wata kwalba daga cikin wani bututun ƙarfe, ya kawo ya kifa ta a tafin hannun Nababa. Ƙura ce ta zubo, da mushen ƙwaro.

"Wannan ita ce ma'aunin ruwanmu. Kullum da safe nake zuwa in duba. Baba, da muna iya korar hadari, da muna iya kiransa, da na fara kai shi Dawakin Tofa. Can gonar mahaifina take."

"To me kuke aikawa a saman?"

"Ba saƙo ba ne. Akwatin nan yana jin zafi da sanyi da laimar iska yana gaya mana ta rediyo. Mu kuma mu gaya wa matuƙan jirgi yadda hanya take. Abin da zai faru yau zuwa gobe, shi ma ba kullum muke dacewa ba."

Nababa ya goge ƙurar a gwiwarsa. Sai ya faɗa masa komai: damin, da binnen bara, da Inna Barira da kununta. Ya faɗa a hankali, yana kallon ludayan nan suna juyawa. Da ya gama ya ce, "Abin da nake so ka gaya mini, in binne ko a ci?"

Saurayin ya sunkuyar da kai. "Mahaifina ya daina yi mini wannan tambayar."

"Ni ban daina ba. Na taho a ƙasa."

"Ban sani ba, Baba. Wallahi ban sani ba. In na ce maka ka binne, ƙarya na yi. In na ce a ci, ƙarya na yi." Ya dubi agogon hannunsa. "Amma lokacin sakin wani ya yi. Zo ka ga abin da ni nake gani, ba zan ɓoye maka komai ba."

A bayan ginin akwai rumfa mai tsawo. Wani ma'aikaci ya haɗa sabuwar roba da bakin tukunyar gas, ta fara kumbura, ta tashi daga ƙasa tana lilo, ta yi girma har ta fi mutum. Aka ɗaure mata akwati. Khalilu ya fito da ita fili ya miƙa wa Nababa igiyar.

"Riƙe. In na ce saki, ka saki."

Nababa ya riƙe. Bai taɓa riƙe abin da yake ja sama ba. Akuya tana ja gefe, guga yana ja ƙasa, wannan kuwa sama yake nema, a hankali, ba faɗa, kamar yaro yana jan hannun babba ya zo ya ga wani abu. Ya ji kamar in ya ƙara riƙewa dugadugansa za su bar ƙasa.

"Saki."

Ya buɗe hannu. Abin ya tafi.

"Kada ka ɗauke ido. Ina ya nufa?"

"Arewa. Arewa maso gabas. Wajen garinmu."

"Ci gaba da kallo."

Ya yi ta hawa yana ƙanƙancewa, ya koma kamar ƙwan zabo. Can sai ya yi kamar ya tsaya yana shawara, sannan ya juya ya miƙa yamma.

Khalilu ya ce, "Ka gani? Iskar da ta fara ɗaukarsa daga kudu take, daga teku, ita ce mai ruwa. Ta sama da ta juya shi busasshiya ce. Kwanakin baya ko tsayin bishiyar can ba ya kaiwa take juya shi. Yau ka ga inda ya kai. Mai ruwan tana ƙara kauri. Matuƙin da ya sauka ɗazu ya ce ya ratsa hadari a wajen Zariya."

"Wato yana tafe."

"Yana kusa. Ko zai iso, ko in ya iso zai zauna, wannan ban gani ba. Bara ma ta yi kauri haka, ta koma."

Nababa ya ci gaba da kallon inda abin ya ɓace har idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya naɗe buhunsa, ya yi godiya. Ya ce, "Mahaifiyata ta ce in gaishe ku."

Khalilu ya ce, "Muna amsawa. Allah ya ba ta lafiya." Ya raka shi har bakin ƙofa.

Bai jira Baba Ɗan'auta ba. Ya kamo hanya shi kaɗai, iska tana taɓa masa ƙeya, yana tsayawa yana jin ko da laima a cikinta. Wani lokaci ya ji kamar akwai, wani lokaci ya ce zufarsa ce.

Washegari da rana ya shiga gida. Abin da ya fara gani shi ne igiyar damin a yashe a gindin rumbu, da ƙaiƙayi a tsakar gida. Hure tana zaune a bakin turmi, a gabanta ƙwarya cike da tsabar gero, an sussuke an shiƙe tas. Kusa da ita ga moɗar ruwa.

Ta ce, "Ba a ci ba. Ko ƙwaya. Sussuka kawai na yi, ko shuka ko kunu dole a yi ta. In na zuba ruwan nan na surfa, ya tashi daga iri. Kai nake jira. Me suka ce?"

Ya zauna a ƙasa. Ya gaya mata abin da ya gani, bai ƙara ba bai rage ba: yadda ya nufi arewa, yadda ya juya, da hadarin Zariya, da cewa bara ma an yi haka.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Wato ba su sani ba."

"Ba su sani ba."

Daga cikin ɗaki aka ji tarin Inna Barira, siriri, ya daɗe bai tsaya ba. Yaran suna tsaye a jikin danga idonsu a kan ƙwaryar. Nababa ya tashi ya shiga ya gaishe da mahaifiyarsa. Ta tambaye shi ko ya ga jirgi, ya ce ya gani. Ta ce babba ne, ya ce babba ne. Ya zauna yana kallon hannunta a kan tabarma. Sannan ya fito, ya ɗauki sungumi.

"Da la'asar za mu binne," ya ce, bai dubi Hure ba. "Duka."

Hure ta ɗauki moɗar ta mayar da ruwan cikin randa.

Shuka a wajenmu aikin mutum biyu ne. Namiji yana gaba yana sara da sungumi, taki ɗaya sara ɗaya, mai bin sa tana jefa iri a ramin ta rufe da diddige. Mai sara ba ya waiwaye, in ya waiwaya layi ya karkace. Da rana ta yi sanyi suka fita, shi a gaba, Hure a baya da ƙwarya a kugu. Ƙasar tana tashi fara a bakin sungumi. Mati ya leƙo ta kan shinge zai yi magana, ya ga fuskokinsu, ya ce, "Allah ya ba da damina," ya wuce.

Nababa yana jin ta a bayansa. Ƙarar tsaba a rami, sannan jan diddige. Tsaba, diddige. Sun yi layi kaɗan sai kunnensa ya kama wani abu. Wani ramin diddige kawai yake ji, babu tsaba. Sai kuma a ci gaba daidai, sai a sake tsallakewa. A tsakani yana jin motsin bakin zane.

Hannunsa ya tsaya a sama da sungumin. Ya san in ya juya zai ga ƙullin gero a gefen zanenta, kuma in ya gani dole ya yi magana. Ya sauke sungumin ya sara, ya ɗaga ƙafa ya sara na gaba. Har suka kai ƙarshen gonar idonsa yana kan gabas.

Bayan magariba ƙamshin kunun gero ya tashi a gidan. Inna Barira ta sha, ya zauna. Yaran suka lashe ludayi. Nababa yana zaure, bai shiga ba, bai tambaya ba. Haka aka yi ta dama mata kaɗan-kaɗan har ƙullin ya ƙare.

Ruwan ya yi jinkiri har mutane suka fara cewa irin Nababa ya tafi. Sannan ya sauka, ba mai yawa ba, ya ɗauke, ya dawo kafin tsiron ya mutu. Daminar ba ta yi kyau ba, abin da aka girbe bai kai rabin rumbu ba, amma an fitar da iri. Inna Barira ta ga tsiro, an fito da ita ƙofar gida ta hango kore. Ba ta kai kaka ba.

Lokacin da geron ya kai gwiwa, duk mai wucewa yana ganin gonar da giɓi, nan tsiro nan babu, kamar bakin tsoho. Wata rana Mati ya tsaya a bakin shinge yana kallo, Nababa yana noma, Hure tana tsintar tafasa a gefe.

"Taubashi, gafiya ta yi maka ɓarna a binnen nan. Dubi yadda ta bi layi tana zaɓa."

Hure ta tsaya da tsinta, ba ta ɗago ba.

Nababa ya dubi giɓin, ya ce, "Ta yi." Ya sunkuya ya ci gaba da noma.